Jirgin ruwa a kan rufin mota ko a tirela: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce jirginka na alminiyam ne, tsawonsa mita 3 da rabi, nauyinsa kusan kilo 60, injin kuma mai ƙarfin doki 6, ga motarka ƙarama. Kana son sanin ko ka ɗaure shi a rufi ko ka nemi tirela, wato ƙaramin keken ɗaukar kaya da mota ke ja a baya, da kuma wanne ne ba zai haɗa ka da hukuma ba.

Bari mu fara da rufi. Kafin dokar hanya, buɗe littafin motarka tukuna. Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka, a yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, kuma nauyin kariyar, wato ƙarafan ɗora kaya a rufi, shi ma yana cikin lissafin. In taka 75 ce, jirgi ya cinye 60, ƙarafan kariya sun ɗebi nasu, ka ga babu abin da ya rage. Inji kam ba ya hawa can ko kusa. Ana kife jirgin ne, a ja madauri biyu a tsakiya, sannan a ɗaure goshinsa da bayansa da jikin mota. Igiyar gaba ce mutane suka fi rainawa, alhali ita ke hana iska shiga ƙarƙashi ta ɗaga jirgin. Ta fuskar doka, rufi ba shi da yawan takarda. Abu biyu ake dubawa: kaya ya ɗauru, kuma in ya zarce bayan mota a sa masa alama. A Jamus, da ya wuce mita 1 sai an rataya jan ƙyalle. A jihohi da yawa na Amurka ma'aunin ƙafa 4 ne.

Tirela kuwa, a idon hukuma abin hawa ce mai zaman kanta. Sai da fitilar burki, da sigina, da lamba, da sarƙa ko wayar da za ta riƙe ta in ta kuɓuce. A Turai, tirelar da ba ta da burkinta ba ta wuce kilo 750 da kayanta duka, Ingila kuma ta ƙara da cewa kada ta ɗara rabin nauyin motar da ke jan ta. A Ingila lambar motar ake liƙa wa ƙaramar tirela, a Jamus kuwa rajistarta daban da lambarta. Gudu ma an rage: mai jan tirela a babban titin Ingila ba ya wuce mil 60 a awa. Don haka ka je ofishin rajistar motoci na inda kake da tambaya uku: rajista, burki, da ko lasisinka ya isa. Ka kuma tambayi masu inshorarka ko sun san da tirelar.

Wahalarta ba ta tsaya a takarda ba. Dole nauyi ya ɗan rinjayi gaba, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ya sauka a kan mahaɗar da ke bayan mota. In inji ya rinjayar da shi baya, tirela za ta fara rangaji kamar wutsiyar kifi, ta ja motar da ita. Ga boris: ƙananan tayoyi sun fi na mota saurin juyawa, suna ɗaukar zafi, in ka tsoma su a ruwa nan take sai su zuƙo ruwa cikin giris. Jira su huce. Ribas kuwa, sai ka sha kunya sau biyu ko uku kafin hannu ya faɗa.

Amma inda kwatancen ya fi rabuwa shi ne wajen inji. Da tirela, yana zaune a mazauninsa, ka ɗan ɗaga ƙafarsa ka tokare don kada ta daki kwalta ko jijjiga ta fasa bangon bayan jirgi, ka rufe farfela da jaka mai launin da ake hangowa. Shi ke nan. Da rufi, kowace tafiya sai ka kwance wajen kilo 25 ka kai but. In injinka irin wanda ake zuba wa baƙin mai daban ne, ba a kowane gefe aka yarda a kwantar da shi ba, akwai alama a jikinsa ko a littafinsa. Ka kuskure gefen, mai ya malala cikin silinda ya jiƙa fulogi, ka isa bakin ruwa kana jan igiya kana gumi. Wanda ake gauraya masa mai da fetur bai damu da wannan ba, sai dai ka ƙone fetur ɗin kafireto kafin ka kwantar. Ko wanne ne, tsayar da shi ruwan cikinsa ya tsiyaye, kuma kansa ya fi farfela tudu. Tankin fetur a rufe ƙofar numfashinsa, kada ya zauna inda mutane suke.

Toshiyar ramin fitar da ruwa da ke ƙasan jirgi a cire ta a hanya. Kowace lita ta ruwan sama kilo guda ce a kan tirela, kuma a Minesota ta Amurka doka ce ma, don kada a kwashi ciyawa da ƙwari daga wani tafki zuwa wani.

Da ni ne da jirginka, tirela zan saya. Kilo 60 sama da kai aikin mutum biyu ne, zuwa da dawowa, kuma a dawowar ne kowa ya gaji. In kana da abokin tafiya kullum, littafin motarka kuma ya ba ka 75 ko fiye, rufi zai yi. Amma ka ɗora jirgin a kan sikeli tukuna, don kilo 60 ɗin da aka faɗa maka wataƙila ba a haɗa da benci da katakon daɓe ba.