Gidan mafaka ko kuɗin haya: ina za a kai sadakar?

Masu niyyar taimako sun sha tambayata: idan mace ta gudo daga hannun mijin da ke dukanta, gidan mafaka za a ba kuɗin, ko a kama mata ɗaki?

Wajen tsaro, gidan mafaka ya fi. Ana ɓoye inda yake, kuma sau da yawa akwai mai raka ta asibiti ko kotu ta nemi umarnin kariya, wanda dokar hana cin zarafin mutane ta Najeriya (VAPP) ta 2015 ta tanada. A kwanakin farko, lokacin da mijin ke bin gidajen dangi yana cigiyarta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai zaman na wucin gadi ne, gadajen kuma ba su da yawa.

Haya kuwa da nauyi take farawa. A Najeriya masu gida kuɗin shekara suke nema a dunƙule, ga na dillali, ga katifa da tukunya. Wasu ma ba sa ba mace ita kaɗai ɗaki, abin da har yau yake ba ni haushi. Amma ɗakin nata ne: yara su koma makaranta, ita ta kama sana'a. Idan babu jari fa, shekara na zagayowa an koma gidan jiya.

Mai bayar da kaɗan duk wata, wanda bai san matar ba, gidan mafaka ya dace da shi. Dangi ko ƙungiyar unguwa da suka san ta, suka kuma ga barazanar ta lafa, haya ce tasu, a haɗa da ɗan jari.