Hanyar Sanger ko Na'urorin Illumina: Wacce Za a Ɗauka Wajen Karanta DNA?

Ɗaliban da ke shirin bincike suna yawan tambayata wacce ta fi wajen karanta DNA, wato gano jerin haruffan sinadaran da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta. To, ga yadda nake ganinsu.

Ta farko Frederick Sanger ne ya fito da ita a Kambirij ta Ingila a 1977, mutumin da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, a 1958 da 1980. Tana karanta guntu ɗaya ne a lokaci guda, haruffa kamar 800 zuwa 1,000, amma da wuya ta yi kuskure. Da ita aka yi aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam da aka kammala a 2003, bayan shekara 13. Haƙuri ke nan!

Illumina kuwa, wato na'urar kamfanin da ke da wannan suna, gutsattsari miliyoyi take karantawa a tashi ɗaya, gajeru-gajeru, sai kwamfuta ta harhaɗa su. A nan gizo ke saƙar. Kowane harafi ya fi araha nesa ba kusa ba, amma na'urar da sinadaranta tsada gare su, ga buƙatar wuta marar yankewa da gwanin kwamfuta. In babu gwanin, bayanai za su taru a rasa mai fassara su. Shi ya sa har gobe wasu ke komawa ga Sanger don tabbatar da abin da Illumina ta hango.

Mai neman canjin harafi guda da ya riga ya sani, irin wanda ke haddasa sikila, Sanger ta wadace shi. Mai bin sawun ƙwayar Lassa ko bincika dukan DNA ɗin gero, shi Illumina ta dace da shi.