Gaskit ɗin hitar Bitil: wanne za ka saya, wanne za ka yanka da hannunka

Duk wanda ya taɓa tuƙa Volkswagen Beetle, wadda muka fi sani da Bitil ko kunkuru, da asubahin Janairu a hanyar Jos zuwa Bauchi, ya san amfanin 'yan sandunan nan biyu da ke gefen birkin hannu. Ka ja na dama, ɗumi ya fara taso maka ta wajen ƙafa. A tawa motar, wadda na gada daga mahaifina, ɗumin ya zo da baƙo: wani ƙauri kamar ana ƙona tsumma, sai ciwon kai kafin in kai rabin hanya. Da muka ɗaga ta a gareji, abin da ya jawo wannan duka bai fi zoben hannu girma ba: gaskit ne, wato 'yar shimfiɗar da ake matsewa a mahaɗa don kada hayaƙi ko iska su yi yoyo.

Motar nan ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Fanka ce ke hura iska a kan injin da ke baya, shi ya sa hitarta ma ba irin ta sauran motoci ba ce. A samfurin da aka yi kafin 1963, iskar da ta gama sanyaya silinda ita ake turowa cikin mota, da duk warin man da ta kwaso. Daga 1963 aka sauya tsari: tiyo biyu masu faɗin milimita 50 suna ɗauko iska daga murfin fanka, su kai ta cikin wasu akwatunan ƙarfe biyu da suka lulluɓe bututun salansa na silinda ta 1 da ta 3. Iskar tana shafar bututun mai zafi ta waje, hayaƙi yana wucewa ta ciki, ba sa haɗuwa. Daga nan ta bi wani tiyo mai lanƙwasa ta shiga jikin mota, ta ratsa hanyar da ke ƙarƙashin ƙofofi zuwa gaba. Kusan duk Bitil da za ka gani a ƙasar nan ta bayan 1963 ce, musamman da yake an fara harhaɗa ta a Legas a 1975. Amma leƙa ƙarƙashin taka kafin ka kashe ko kwabo, domin da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa ƙasashe masu zafi ba su zo da akwatunan ba sam, bututu ne tsirara.

Abin da ke rikita mai saye shi ne, "gaskit ɗin hita" ba abu ɗaya ba ne. Wasu suna zaune a inda wutar salansa ke bi, wasu kuwa iska mai ɗumi kawai suke tarewa. A bakin salansa, inda hayaƙi ke fitowa daga kan silinda, zafi yana haura digiri 600 a ma'aunin salshiyas. A can wajen jikin mota kuwa ba ya ko kusantar haka. Wannan bambanci shi ne zai gaya maka inda za ka buɗe aljihu da inda za ka ɗauko almakashi.

Mu fara da na wuta, domin su ne ke kisa. Akwai gaskit huɗu masu huda biyu a inda salansa ke manne da kan silinda, biyu daga ciki na akwatunan hita ne. Akwai zobba masu kauri da ake matsewa da kilif a inda bututun akwatin ya shiga tukunyar salansa, da ire-irensu a bututun wutsiya. Sai wasu ƙanana guda biyu na siririn bututun da ke ɗumama ƙasan kafireto. In ɗaya daga cikinsu ya ɓule, hayaƙi zai fita a ƙarƙashin inji. In kuma robar da ta zagaye ɗakin inji ta tsufa, ko 'yan robobin da tiyo ke ratsawa ta kwanon baya, wato farantin ƙarfen da ya rufe ƙasan ɗakin inji ta baya, sun faɗi, fanka za ta zuƙo wannan hayaƙi sama, ta tura shi cikin tiyo, ta kawo maka har gaban hancinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Guba ce iri ɗaya da wadda ke hallaka iyali a dare ɗaya in an kwana da janareta a cikin gida, wato kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau fiye da 200. Ƙaurin da na ji a hanyar Bauchi rakiya kawai ya yi mata.

To waɗannan gaskit na wuta, shawarata ita ce ka saya sababbi, kuma ka sayi masu suna. Kamfanonin Jamus irin su Elring da Victor Reinz har yau suna yin gaskit na wannan inji, haka Sabó ta Barazil. Ba abin mamaki ba ne, tunda an yi Bitil fiye da miliyan 21, kuma ta ƙarshe ta fito ne daga masana'antar Puebla ta Meziko a ranar 30 ga Yulin 2003. Gaskit mai kyau za ka ji shi da nauyi a hannu, ƙarfe ne aka naɗe wani abu mai laushi a tsakiya, yawanci girafayit, irin baƙin abin da ke cikin fensir, bakin hudar kuma a lanƙwashe yake sumul. Na araha siriri ne kamar murfin gwangwanin madara, kana matsa shi sau ɗaya ya kwanta bai ƙara tashi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambancin kuɗinsu bai kai ladan bakaniken da zai sake kwance maka salansa bayan wata biyu ba.

Wani abin lura: ƙunshin da ake sayarwa don ɗaura tukunyar salansa sau da yawa gaskit biyu kacal na kan silinda yake ɗauke da su, na silinda ta 2 da ta 4. In za ka cire akwatunan hita, kana buƙatar ƙarin biyu. Ƙirga kafin ka biya. Sannan ka auna bututunka. Zoben milimita 35 shi ne na salansar asali a injin 1300 zuwa 1600, amma motar da ta shekara arba'in tana yawo hannun masu walda, ba lallai salansar asali ce a jikinta ba.

Ina za a samu? Hanya uku ce, kowacce da halinta. Ta farko ita ce kasuwa: Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna. Amfaninta shi ne za ka tafi da tsohon a aljihu ka ɗora a kan sabon ka gani da idonka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaran shago na yanzu da wuya su gane abin da kake nufi, nemi dattijon da ya yi zamani da motocin Volkswagen irin su Kombi da Igala. Ta biyu ita ce oda daga waje, wurin dillalan kayan tsofaffin Volkswagen kamar Wolfsburg West a Amurka ko Heritage Parts Centre a Ingila. Za ka samu daidai da shekarar motarka, sai dai kuɗin aikowa yakan ninka kuɗin kayan, don haka ba a odar gaskit ɗaya. Haɗa da tiyo, da kilif, da robar ɗakin inji, ko ku haɗa kuɗi da wani mai irin motar.

Ta uku ita ce tsohon ajiya, wato kayan da ba a taɓa ɗaurawa ba amma suna kwance a kanta tun zamanin Shagari. Masu sayarwa suna alfahari da su, wai su ne na asali. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan ban yarda ba. Na roba sun bushe, kana lanƙwasawa za su tsage. Na salansa kuwa, na wancan zamani da asbestos aka yi su, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji ta huhu, Tarayyar Turai ma ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005. Ko da na jikin motarka za ka cire, in fari-fari ne mai zare-zare, jiƙa shi da ruwa tukuna, kada ka goge shi da burushin ƙarfe a bushe, kada kuma ka hure ƙurar da baki. Wanda aka ciro daga wata motar kuwa ba ya cikin lissafi, gaskit ɗin salansa sau ɗaya yake kwanciya.

Yanzu in ka rasa duka, motar kuma dole ta tashi? Abu ɗaya tak na yarda a yanka wa bakin salansa, shi ne tagulla. Farantin jan ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, a zana a yanke, sannan a gasa shi da wutar mai walda har ya yi ja, a bar shi ya huce ko a tsoma a ruwa. Gashin ne ke sa shi laushi har ya bi fuskar ƙarfen. In ba a gasa ba, zai tsaya ƙiƙam hayaƙi ya bi gefensa. Tagulla sai ta kai digiri 1,085 take narkewa, don haka wuta ba matsalarta ba ce. Matsalarta ita ce ba ta yafe karkata: in bakin bututun ya ɗan lanƙwashe, sai an goge shi ya daidaita tukuna. Abin da na sha gani a garejin bakin titi, ana yanka kwalin sabulu ko gwangwanin lemo a shafe da gam, wannan ba gyara ba ne. Kwali zai ƙone a ranar. Jan gam ɗin nan na silikon da ake cewa na zafi ne, iyakarsa wajen digiri 300, bai isa bakin salansa ba. Zoben da ke tsakanin akwati da tukunya kuwa kada ma a gwada, sai na kamfani.

A ɓangaren iska mai ɗumi ne hannu ke da amfani, har wani lokaci ya fi na saye. Nan akwai robobin da tiyo ke ratsawa, da gaskit ɗin da ke tsakanin jikin mota da bakin bututun da ke shiga ƙarƙashin kujerar baya, da shimfiɗar 'yan ƙyauren da ke buɗe iska da rufe ta. Wasu daga cikinsu da wuya ka same su su kaɗai. Mafi dacewa shi ne shimfiɗar silikon mai kaurin milimita 2 zuwa 3, tana jure digiri 200 ba ta wari. In ba ka samu a wurin masu kayan masana'anta ba, tabarmar silikon da mata ke gasa kek a kanta ita ma silikon ce, sai ka ninka biyu in ta yi siriri. Uwargida ta yi mini ƙorafi a kan wannan, na biya ta da sabuwa. Robar tif ɗin taya, wadda ita ce hannu ya fi saurin kaiwa, ba ta wuce digiri 120 ba take fara saki, kuma duk warinta a cikin mota zai ƙare. Soson katifa ya fi ta muni, narkewa yake yi.

Yankan ba wuya. Ɗora farar takarda a bakin wurin, ka murza da yatsa mai baƙin mai, siffar za ta fito har da hudojin kusoshi. Manna takardar a kan silikon. Fara da huda ƙananan ramuka, da guntun bututun da aka wasa bakinsa da guduma, sannan babban rami na tsakiya, sai a ƙarshe ka yanke gefe. In ka fara da gefe, wurin huda zai yage. Tiyon milimita 50 ɗin kuma saya za ka yi. Na takarda da alminiyam shi ne kamar na asali kuma ya fi araha, na silikon mai waya a ciki ya fi daɗewa.

Akwai kuma wanda zai ce, ni a Sakkwato nake ko Maiduguri, me zan yi da hita? Yana da gaskiya. Ana cire akwatunan a sa bututu tsirara, an huta da rabin wannan magana. Sai dai a toshe bakunan nan biyu na murfin fanka da murfi mai kyau, da ramukan kwanon baya, da mashigar jikin mota. In an bar su a buɗe, iskar da ya kamata ta sanyaya silinda ce ke tsiyayewa, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Kada kuma a yi rabi da rabi, a cire tiyo a bar akwatunan. Ko hita tana kashe iska tana ratsa su tana sanyaya su. In babu ita, sun zama murhu biyu a ƙarƙashin kan silinda.

Kafin ka ɗora wa gaskit laifin wari, duba murfin bawul. Gaskit ɗinsa yana daidai saman akwatin hita, in yana ɗiga, mai ne ke soyuwa a kan ƙarfe mai zafi. In kuma bututun da ke cikin akwatin ne tsatsa ta huda, babu gaskit ɗin da zai cece ka, sai sabon akwati.

Wajen ɗaurawa, yi amfani da noti masu ruwan tagulla, domin na baƙin ƙarfe suna kamawa da tsatsa. Kan silinda alminiyam ne, a matsa a hankali, gefe da gefe, kada yaron gareji ya hau sifana da ƙarfinsa ya karya kusa a ciki. A tayar da inji a fili, ba a cikin shago ba, a toshe wutsiyoyin da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku ana saurare; inda ke yoyo zai yi tsaki. Bayan motar ta yi zafi ta huce sau biyu, a koma a ƙara matsa notin, a duba ko baƙin toka ya fito a gefen wata mahaɗa. Ni na ƙara da 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta shaƙi kabon monoksaid, na ajiye ta a ƙasan kujerar baya, kusa da inda ɗumin ke fara shigowa.