Gilashin ND Mai Araha: Abin da Ya Yi Mini a Gurara

Na daɗe ina sha'awar hotunan nan da ruwa mai gudu ke fitowa sumul, kamar an shimfiɗa farin alawayyo a kan duwatsu. Sirrin abin ba wani ba ne, baƙin gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda ake kira ND. Na sayi mai lamba ND1000 a wani shagon intanet, kuɗinsa bai kai rabin na manyan kamfanoni ba. Aikinsa rage hasken da ke shiga kyamara kusan ninki dubu, ta yadda hoton da za ka ɗauka a ƙiftawar ido, kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa, zai koma na daƙiƙa takwas, wannan jinkirin ne kuma ke sa ruwa mai gudu ya fito sumul.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi. Zoben ƙarfe ne, ya hau bakin kyamarata mai milimita 58 ba gardama, bai kuma ciza ba lokacin cirewa.

Cikin watan Satumba na kai shi magangarar ruwan Gurara a jihar Neja, lokacin da kogin ya cika ya batse, ruwa na faɗowa daga tsayin kusan mita 30 da ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Na kafa kyamarar a kan maɗorinta mai ƙafa uku, na saita hoton kafin in ɗaura gilashin, domin da zarar ya hau ba ka ganin komai sai duhu. Ruwan kuwa ya kwanta luf yadda nake so. Amma launin! Bishiyoyin da na gani kore shar da idona sun koma ruwan ƙasa kamar rani ya kama su, baƙaƙen duwatsu suka yi shunayya, gajimare ya yi ruwan hoda.

Dalilin sananne ne ga masu sana'ar. Irin wannan gilashi yana tare hasken da ido ke gani, amma hasken infared, wanda ido ba ya gani, yana sulalewa ya wuce. Ganye kuwa na mayar da wannan haske da yawa, shi ya sa su suka fi jigata. Wani ɓangare na laifin nawa ne: na manta ban toshe tagar leƙen da ke bayan kyamara ba, haske ya shigo ta nan ya bar dishi-dishin shunayya a tsakiyar hotuna uku.

Wurin gyara ne na sha wuya. Manhajoji irin su Lightroom da Snapseed suna da ɗan tsinken da za ka taɓa wani abu fari ko ruwan toka da shi, sauran launuka su daidaita. Na taɓa ruwan, sai sama ta koma shuɗi bau kamar an tsoma ta a marina. Ashe ruwan Gurara na damina ba fari ba ne, jajaye-jajaye yake saboda ƙasar da ya kwaso. Na ce wa manhaja wannan fari ne, ita kuma ta yarda da ni. Abin da ya cece ni hoto ɗaya ne da na ɗauka ba gilashi, shi na ajiye a gefe ina kwatantawa har na ja launin zuwa kore kaɗan-kaɗan. Hotunan RAW, wato ɗanyun hotunan da kyamara ba ta sarrafa ba, sun gyaru, in ban da ganyen da har yanzu bai dawo daidai ba. Na JPEG kuwa, waɗanda kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, sai haƙuri.

Da na kai wanda na fi so wa wani dattijon mai hoto da nake koyo a wurinsa, ina jiran ya yi maganar launi, sai ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Yaro, ina kake so in sa idona?" Na ce, "A ruwan mana, Baba." Ya sa yatsa ya nuna mini: ruwan ya cinye rabin hoton, fari fat, ba layi ba inuwa. Ba dutse ko reshe a gaba da zai ja ido ciki, ba mutum ko ɗaya da zai nuna girman wurin, ga bakin tudun ya karkace hagu. Gaskiyarsa. Na shagala da ƙirga daƙiƙoƙi har na manta da tsarin hoton. Ya ce a ruwa mai ƙarfi irin wannan, rabin daƙiƙa ya isa, domin a ga zaren ruwan.

To, zan ce a saya? In kana ɗaukar RAW, za ka riƙe katin ruwan toka a aljihu ka ɗauki hotonsa ta cikin gilashin kafin ka fara don daidaita launi, kuma hotonka na teku ne ko dam inda ganye ba yawa, zai yi maka aiki daidai kuɗinsa. In daji kake nufa, araha ba ta ado, ka tara kuɗi ka sayi mai tare infared. Ni dai ND64, wanda ke rage haske ninki 64 kawai, zan nema kafin damina mai zuwa, kuma na riga na ga dutsen da zan sa a gaba.