Gindin bindiga mai gyaruwa: abin da na gani bayan wata 14 ina harbi da shi

Shekara shida ke nan ina wasan harbi da bindigar iska a nan Abuja, kuma biyar daga cikinsu da ciwon wuya nake komawa gida Kubwa duk ranar Asabar. Na ɗauka girma ne ya fara kama ni. Sai da 'yata ta fara bina filin atisaye tana ɗaukar bindigar nan tawa, na ga yadda take miƙa wuya kamar mai leƙen katanga kafin idonta ya kai ramin saiti, wato ɗan ramin da ake leƙawa a auna abin hari, sannan na gane inda gizo ke saƙar. Gindin bindigar, wato ɓangaren da ake tokarawa a kafaɗa a ɗora kunci, na katako ne, tsawonsa ɗaya, tudunsa ɗaya. Ni dogo ne mai dogon wuya, sai na ranƙwafar da kai kafin kuncina ya same shi. Ita kuma gajera ce, ya yi mata tsawo.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. A tsaye ake harbin, daga nisan mita 10, da ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5, wanda nauyinsa bai wuce kusan rabin giram ba. Tsakiyar abin da ake hari ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, mafi kyawun harbi maki 10.9 ne, wato duk wanda bai kuskure ko kaɗan ba zai tashi da 654. Tun 1984 wasan yake cikin gasar Olamfik. A irin wannan aiki, idan jijiya ɗaya a wuyanka tana ɗaure, tun kafin harbi na 40 za ka ga bakin bindiga yana rawa, kuma ba ka da yadda za ka yi da shi.

Kocinmu, tsohon soja ne da ya yi ritaya, shi ya gwada ni wata rana. Ya ce, "Alhaji, rufe idonka, ɗauki bindiga, ɗora kunci yadda jikinka ya so, sannan ka buɗe." Da na buɗe, ƙarfen da ke saman ramin saiti nake kallo. Ya ce, "To ka gani. Shekara biyar kana bin bindiga, ita ya kamata ta biyo ka." A ranar na yanke shawara.

Kafin in shiga bayanin kayan, akwai abin da ba zan tsallake ba. A ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, bindigar iska ma tana cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka. Tawa da takardunta. Gindin ma ban yi odarsa ta intanet in ce wani ya saƙo min a jaka ba. Ta hannun dillali mai rajista na bi, shi ya yi takardun shigo da shi, aka yi wata huɗu kafin ya iso hannuna. Duk wanda ya ce maka ba bindiga ba ce, ƙarfe ne kawai, ka ɗauko abinka, to ba shi zai tsaya yi wa jami'ai bayani a filin jirgi ba.

Abin da na saya gindin alminiyam ne na wani kamfanin Jamus da ke ƙera irin waɗannan kayan don a ɗora wa bindigogin gasa. Da Yuro aka biya, kuma bayan an saki naira a 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi: ya ci kusan albashina na wata biyu. Ɗora shi bai yi wuya ba. Noti biyu ne ke riƙe jikin bindigar, aka kwance, aka ɗaga, aka zaunar a sabon, aka ɗaure daidai ƙarfin da takardar ta ce.

Madafar kunci ita ce ta biya ni kuɗina. Tana hawa, tana sauka, tana matsawa hagu da dama, tana kuma ɗan kishingiɗa. Ni na ɗaga ta sama sosai, na ɗan tura ta dama, har ta kai idan na rufe ido na ɗora fuska na buɗe, ramin saiti na gabana, zoben saiti na bakin bindiga yana tsakiyarsa cif. Kaina yana tsaye yadda nake tsayuwa ina magana da mutum. Wannan yana da dalili a jiki, domin abin da ke riƙe wa mutum daidaiton tsayuwa yana cikin kunne, kuma da zarar ka karkatar da kai jiki zai fara lilo ko ba ka ji ba. Sati biyu da daidaita ta, na dawo gida ranar Asabar, uwargida ta tambaye ni ko ta kawo min man zafi, na ce a'a. A lokacin ne ma na lura babu abin da ke min ciwo.

Farantin kafaɗa ma ya yi kyau. Ana saukar da shi ƙasa don ya zauna a lungun kafaɗa ba tare da ka ɗaga ta ba, ana kuma ƙara ko rage tsawon gindin gaba ɗaya da sanduna biyu masu lamba a jiki. A nan 'yata ta fi ni cin moriya. Mun rage mata tsawon da kusan yatsa uku, gwiwar hannunta na hagu ta samu ta zauna a ƙugu, nauyin ya koma kan ƙashi. Da ba ta iya harbi 30 ba ta ajiye ta huta ba. Yanzu tana gama 60 ɗinta. Ranar farko da ta gama ta juyo ta ce, "Baba, ashe ba nauyi ne da ita ba."

Ga inda na yi kuskure, kuma ina ganin duk mai sayen irin wannan zai iya yinsa. Abin da ke da noti goma sha wani abu yana kiran hannu. Sati uku na yi, duk harbin da ya kauce sai in ɗauko alinki, ɗan makullin ɗaure noti, in taɓa wani wuri. Makina da yake kusa da 590 ya zube ƙasa da 580, har na fara tunanin na yi asarar kuɗi. Koci ya karɓe makullan ya sa a aljihunsa. Ya ce, "Alhaji, abu ɗaya za ka canja, ka rubuta a littafi, ka yi harbi sati biyu a kai, sannan mu duba." Haka muka yi har wata uku. Yau ina tsakanin 600 da 605, kuma rabon da in taɓa saitina tun kafin azumin bara. Ba zan ce gindin ne kaɗai ya kawo wannan ba, domin a watannin na fi zuwa atisaye. Amma na fi zuwa ne don na daina shan wahala.

Mariƙin hannu kuwa, wanda na saya tare da sabon gindin, ban gamsu da shi ba kamar sauran. Na katako ne mai ɗan kaushi, yana juyawa, yana matsawa gaba da baya, kuma wannan yana da amfani: ka juya shi har yatsanka ya sauka a kan kunama a miƙe, ya ja ta baya tsaf ba tare da ya tura bakin bindiga gefe ba. Matsalar girmansa ce. Matsakaici na zaɓa don in raba mana gardama, sai ya zama ni ya ɗan yi min kaɗan, ita kuma ya cika mata hannu har yatsanta bai kai kunama da kyau. Babu notin da ke rage kaurin katako. Daga baya sai da na sake biyan kuɗi aka kawo mata ƙarami, aka sake jiran watanni. Da dillalin ya ce min in auna tafin hannunmu tun farko, da ban yi wannan ɗawainiya ba, kuma wannan tambaya ce da ya kamata mai sayar da irin kayan nan ya yi.

Sai gumi. A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke kan ganiyarsa, mariƙin yana santsi tun kafin a kai rabi. Dabarar da kowa zai fara kawowa ita ce a naɗe shi da robar tayar keke yadda ake yi wa ƙotar fartanya. A atisaye babu mai hana ka, amma dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ta hana a ƙara wa mariƙi wani abu don ya ƙara kama hannu, kamar yadda ta hana ramin babban yatsa da matokarin tafin hannu a bindigar iska. Abin da ba za ka shiga gasa da shi ba, gara kada hannunka ya saba da shi. Tawul nake ratayawa a gefe.

Abu guda da alminiyam ya fi katako a ƙasar nan, wanda ban yi tsammani ba, shi ne yanayi. Tsohon gindin bindigata yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Duk Disamba sai na tarar notin da ke riƙe bindigar sun saki, saiti ya ƙaura, in ɓata rana guda ina nemo shi. Wannan ya ga damina guda da hunturu biyu, bai motsa ba. Amma shi ma yana da nasa. Ka bar shi a bayan mota da rana, ba ka iya ɗora masa hannu. Ƙurar hunturu kuma tana shiga sandunan da ke zamewa, su riƙa cijewa, sai ka goge da busasshen ƙyalle. Kada ka zuba mai, ƙurar zai tara. Ƙananan notin madafar kunci kuma masu laushi ne, na cinye kan ɗaya da alinki mai arha. Sai da na je Apo wajen masu kayan gyaran mota na samo makullai masu kyau, wani makaniki ya taimaka ya fitar min da wanda ya lalace.

A kula da nauyi. Ƙa'ida ita ce kada bindigar ta wuce kilo 5.5 da duk abin da ke jikinta. Sabon gindin ya zo da 'yan ƙarafan ƙara nauyi, kuma da na jera su duka na kusa taɓa iyaka. Na cire biyu daga gaba.

Wa zan ce ya saya? Wanda ya yi aƙalla shekara yana harbi, tsayuwarsa ta zauna, kuma ya san takamaiman inda gindin bindigarsa ke cutarsa. Haka wanda yake raba bindiga ɗaya da ɗansa ko matarsa, kamar yadda yawancinmu muke yi saboda tsada. Mu yanzu lambobin kowa suna rubuce a bangon littafi, cikin minti 10 muke sauyawa daga saitina zuwa nata. Sabon shiga kuwa, ya kai kuɗin nan wajen harsashi mai kyau da kuɗin motar zuwa atisaye. Idan tsawo ne kawai matsalarsa, kafinta a kasuwar katako ta Dei-Dei zai yanka masa ɗan katakon da zai ƙara a bayan gindin, a kuɗin da bai kai na gwangwanin harsashi ɗaya ba. Na yi shekara biyu da irinsa.

Abin da ya rage min yanzu shi ne madafar kunci ta biyu. Daidaita madafar ce ke cinye mana yawancin minti goman nan, kuma ita ce kuskuren milimita ɗaya ke nunawa a takardar da ake hari. Idan kowa na da tasa a ɗaure, sai dai a zare wannan a zura waccan. Na riga na ba dillalin saƙo, wannan karon da awon komai a rubuce.