Gam ɗin kafinta ko midiyam: wanne za ki haɗa da fentin zubi?

'Yar uwa, kin ce kina son yi wa falonki zanen bango irin wanda ake zuba fentin akirilik a kan kyanbas, wato yadin da ake zane a kai, ya malala da kansa, kin kuma tambaya ko farin gam ɗin kafinta zai tsaya a madadin midiyam, wato ruwan da ake sayarwa musamman don haɗa fentin zubi, tunda shi da tsada, ga wuyar samu a nan Katsina. Zai tsaya, amma ba a kowane zane ba.

Aikinsu ɗaya ne. Fentin akirilik da kauri yake zuwa, ba ya gudu. In kika tsinka shi da ruwa zalla, danƙon da ke riƙe launin ya yi rauni, zanen ya bushe a koɗe, wani wurin ma ya riƙa ɓarewa. Gam da midiyam duk suna sa shi gudana ba tare da ya rasa danƙonsa ba.

Gam dai farin nan ne irin su Top Bond, wanda ba ya wuyar samu a shagunan kayan kafinta. Ki haɗa gam kashi 7 da ruwa kashi 3, ki motsa, ki rufe ya kwana don kumfar ta kwanta. Washegari ki ɗebi fenti kashi 1, ki sa masa wannan haɗin kashi 1 zuwa 2, kowane launi da kofinsa. Kaurin da ake so kamar zumar da rana ta taɓa: in kin ɗaga tsinken motsawa, ya zubo ba yankewa, ya yi ɗan tudu a kofin sannan ya baje. Sai dai gam fari ne a jiƙe, in ya bushe ya washe, don haka shuɗin da kika gani mai haske da yamma zai ƙara duhu bayan kwana biyu, kuma babu sheƙi. Babbar damuwata da shi ita ce ruwa. Ko ya bushe, danshi yana iya sa shi laushi, kin san yadda bangon ɗaki yake a watan Agusta. Da shekaru kuma farin wurin kan iya komawa ruwan ɗorawa.

Shi kuwa midiyam, irin na kamfanin Liquitex, da sinadarin da aka yi fentin aka yi shi. Yana bushewa da sheƙi, launi ya fito sosai, ba ya jin ruwa, ba ya kuma saurin tsagewa. Kuɗin ne matsalarsa. Kyanbas mai santimita 30 da 40 yana cin haɗi kusan mililita 200, fiye da rabi midiyam ne, wani kaso kuma ta gefe zai zube a kan leda. Ƙara da kuɗin mota in daga Kano ko Legas za a aiko miki.

Zagaye-zagayen nan masu ido-ido da ke fitowa a jikin zanen zubi suna burge mutane ba sai da midiyam suke fitowa ba, kada wani ya ruɗe ki. Nauyin launuka ne ke kawo su. Farin fentin da ake kira titaniyam ya fi yawancin launuka nauyi, in yana sama sai ya nutse, masu sauƙin su ɓullo ta cikinsa. Wani mai zane ɗan ƙasar Meziko, David Alfaro Siqueiros, yana wannan zubi tun 1936 a birnin New York. Yanzu ana ƙara ɗigo 1 ko 2 na man silikon a kofi don idanun su yawaita. In kin sa, dole ki goge maiƙon tas bayan zanen ya ƙeƙashe, in ba haka ba fentin kariya, wato wanda ake shafawa a ƙarshe don ya kare zanen, ba zai kama ba.

Inda bambancin ya fi fitowa a wurinmu shi ne wajen bushewa. Da hunturu iska ba ta da laima ko kaɗan, sai saman fentin ya yi fata alhali ƙarƙashinsa na nan a jiƙe yana motsi. Da safe ki tarar da tsaga ta ratsa tsakiyar zanen, har kina hango farin kyanbas. Haka zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake kaiwa digiri 40. Haɗin gam ya fi shan wannan wahala, musamman in fentin ya taru da kauri, amma midiyam ma bai tsira gaba ɗaya ba. Don haka ki yi zubin bayan asuba ko da dare, ki kashe fanka, ki rufe tagogi. Ki karkata kyanbas ɗin har rarar fentin ta zube, ki ɗora shi a kan kofuna huɗu, sannan ki kifa masa babban kwali saboda ƙura da ƙuda. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta faɗa, ta zauna ke nan. Ki ɗora kofin ruwa a kan teburin ma ki ga ko a daidai yake, in teburin ya karkata zanen zai gangare gefe ɗaya cikin dare. Kwana 2 zuwa 3 kada kowa ya taɓa, fentin kariya kuma sai bayan mako 3 ko 4.

Ni dai shawarata, ki koyi hannu da gam a kan gutsuren tayil ko katakon da aka shafa wa farin fenti, don mai koyo fenti yake ɓatawa da yawa. Amma wanda za ki rataya a falo, ko ki sa cikin kayan ɗakin amarya, ko ki karɓi kuɗin wani a kai, ki daure ki sa midiyam. Irin wannan zane yana da kasuwa a gidajenmu tunda babu siffar mai rai a ciki, kuma wanda ya biya yana da haƙƙin ya daɗe masa. In hali bai ba da ba kika yi da gam, ki shafa masa fentin kariya na akirilik sau 2, ki rataye shi nesa da taga da bangon da ke tsatsafo.