Ofishin 'yan ƙwadago a Foggia: yadda suka yi da ni bayan motar kapo ta daina tsaya mini

Shekara huɗu ke nan ina cirar tumatir a gonakin Foggia, kudancin Italiya. Da akwati ake biyanmu, babban nan mai cin kilo 300, kapo kuma, wato dillalin da ke ɗibar leburori yana kai su gona, ya zare Yuro 5 na mota kowace safiya. A Agustan bara na duba takardar albashina, wadda suke kira busta paga, na ga kwana 9 aka rubuta mini, alhali kwana 24 na yi a duƙe cikin rana. Na tambayi mai gonar cikin ladabi. Ko tsawa bai yi mini ba. Washegari dai mota ta wuce ni a bakin hanya, jibi ma haka.

Wani dattijo ɗan Gana da muke ɗaki ɗaya a Borgo Mezzanone ne ya ce, "Ɗana, zaman zugum ba zai dawo maka da kuɗinka ba. Tashi mu je wurin 'yan sindakato, ƙungiyar ƙwadago." Na ce, "Baba, takarduna fa?" Ya ce can ma za a duba mini su.

Ofishin ƙarami ne, kujerun roba da fanka ɗaya. Matar da ta karɓe ni ba ta fara da lallashi ba, shaida ta tambaya. Allah ya taimake ni, ina rubuta kwanakina da yawan akwatuna a ɗan littafi, kuma ban goge saƙonnin WhatsApp da kapo yake turo mana da asuba ba. Ta ɗauki hoton kowane shafi.

Daga bakinta na fara jin dokar 199 ta 2016, wadda aka yi bayan rasuwar wata ma'aikaciyar gona, Paola Clemente, a gonar inabi a Andria a 2015. Dokar ba ta tsaya kan kapo ba, ta haɗa da mai gonar da ke ci da gumin leburori: ɗaurin shekara 1 zuwa 6. Ta ce korar mutum don ya nemi haƙƙinsa ba ta da inganci a gaban alƙali, amma sai an ƙalubalance ta a rubuce cikin kwana 60. Ta kuma ce tun bayan mutuwar Satnam Singh, lebura ɗan Indiya da injin gona ya jikkata a Latina a 2024, an sauƙaƙa ba da izinin zama ga wanda aka zalunta a wurin aiki, in ya ba hukuma haɗin kai.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne ba ta rufe ni ba. Ta ce ma'aikacin kaka ba kasafai ake korarsa da takarda ba, daina kiransa kawai ake yi, kuma tabbatar da cewa ramuwar gayya ce aiki ne ja. Don haka muka bi ta kan kwanakin da aka cinye mini. Ashe ba albashi kaɗai na rasa ba: sai kana da kwana 102 a rubuce cikin shekara biyu kafin ka samu kuɗin rashin aiki na ma'aikatan gona, wanda ake nema kafin ƙarshen Maris. Shekara uku ban san wannan ba, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Suka rubuta wa mai gonar wasiƙa, aka zauna sulhu a Disamba, ya biya kwana 15 ɗin, aka gyara rajista. Aikina dai bai dawo ba.

Inda suka gaza: lokacin buɗewarsu lokacin aiki ne, zuwa ɗaya asarar yini ce, ni kuwa sau biyar na je. Babu mai jin Hausa. Da Faransancina na makaranta muka lallaɓa, wani yaro ɗan Agadez kuma ya tashi ya tafi don bai fahimci komai ba. Na yanki katin ƙungiya, sun faɗa mini kuɗinsa tun farko.

Bana ina wata gona wajen Cerignola. Mu shida ne a ɗakinmu, kowa da littafinsa, yaron Agadez ɗin ma na saya masa nasa, ranar Talata zan raka shi in yi masa tafinta.